Taswirar Siliki: Darasin Kimiyya da Bai Kamata Ya Ɓuya a Akwati Ba

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙin jirgin saman da aka harbo a ƙasar abokan gāba babu abin da ya fi buƙata kamar sanin hanyar komawa gida. Taswirar takarda kuwa ba ta da amfani a gare shi, domin tana ƙara in an buɗe ta, tana yagewa wurin ninki, ruwa kuma yana narkar da ita.

A shekarar 1939 Ingila ta kafa wani sashen asiri mai suna MI9 domin taimaka wa sojojin da suka faɗa hannun abokan gāba su tsere. Wani jami'in sashen, Christopher Clayton Hutton, ya samo taswirori daga kamfanin John Bartholomew na birnin Edinburgh, ya sa aka buga su a kan siliki. Siliki ba ya ƙara, ba ya lalacewa in ya jiƙe, ana kuma iya ninke shi a ɗinke cikin riga ko a cusa a dunduniyar takalmi. Matsala guda ita ce tawada tana bazuwa a kan yadin. Aka magance wannan da fektin, sinadarin da ke cikin 'ya'yan itatuwa wanda ke sa ruwansu ya yi kauri. Da siliki ya yi wuya, saboda ana buƙatarsa wajen ɗinka laimar sauka daga jirgi, sai aka koma ga reyon, zaren da ake sarrafawa daga itace. Amurka ma ta kafa nata sashen, MIS-X, a 1942, kuma yawancin taswirorinta na reyon ne.

A yau waɗannan taswirori sun zama hajar masu tara kayan tarihi, ana sayar da su a gwanjo. Tara su ba laifi ba ne, domin masu tarawa sun ceci da yawa daga halaka. Amma taswirar da aka kulle a akwati ba ta koya wa kowa kome, wadda aka rataye a hasken rana kuwa launinta yana dushewa. Wasu ma an yanka su an yi sutura, al'adar da ta samo asali tun lokacin ƙarancin tufafi a Ingila bayan yaƙi.

Wurin da ya dace da su shi ne gidajen adana kayan tarihi, inda za a kiyaye su, a kuma ɗauki hotunansu domin makarantu. Malami zai iya koyar da darasin labarin ƙasa da na sinadarai a kan ƙyalle guda. Zai iya ba ɗalibai takarda da auduga da siliki, su yi zane a kan kowanne, su tsoma a ruwa, su rubuta abin da suka gani. Ta haka za su gane cewa zaɓen abin da ya dace da aiki shi ne farkon ƙirƙira.