Ra'ayinmu: Datar da Ba Ta Buɗe Littafi

A watan Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su riƙi duk abin da ke bi ta layukansu daidai wa daida: kada su toshe wani shafi, kada su rage wa wani gudu, kada su fifita wanda ya biya su. An kafa ƙa'idar a 2015, aka janye ta a 2017, aka maido ta a 2024, ga shi ta sake faɗuwa. Wani zai ce rigimar Amurkawa ce, ina ruwan malamin makaranta? To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan gida wariyar ta shigo ne da rigar rangwame. Kamfanonin waya na sayar da data mai arha wadda ba ta buɗe komai sai WhatsApp, Facebook, TikTok da makamantansu. Ɗalibin da ya saye ta zai iya kwana yana kallon bidiyo, amma da zarar ya nufi shafin JAMB, ko darussan jami'ar NOUN, ko Wikipedia ta Hausa, sai ya tarar da ƙofa a rufe. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a farkon 2025, 'ya'yan talakawa, wato galibin waɗanda ke zaune gabanmu a aji, sun ƙara raja'a ga wannan mai arhar. Sa'an nan mu zo muna yi musu faɗa cewa sun mai da waya abin wasa, alhali farashi ne ya zaɓa musu.

Indiya ta hango wannan tun 2016, ta haramta bambanta farashin data gwargwadon shafin da mutum ya buɗe. A shekarar ce kuma shirin Free Basics na Facebook, wanda hukuncin ya kora daga can, ya shigo Nijeriya.

Wasu abokan aiki na ganin a roƙi kamfanoni su bar shafukan ilimi kyauta. Niyyar mai kyau ce, sai dai wa zai rubuta jerin shafukan? Ba mu son manajan kasuwanci ya zama mai tsara mana manhaja. Buƙatarmu ita ce farashin data ya zama ɗaya, ko ina ɗalibi ya nufa da ita. Muna kira ga uwar ƙungiya ta kai wannan batu gaban NCC a rubuce, wakilan makarantu kuma su zo taron reshe na gaba da abin da suka gani a azuzuwansu.