Ɓari a kai a kai: ƙwayoyin garkuwar da aka ɗora wa laifi

A cikin 2021 mujallar likitoci ta The Lancet ta ƙiyasta cewa ciki miliyan 23 ke zubewa a duniya kowace shekara. Ga matar da ta yi ɓari sau biyu ko uku a jere, abin da ya fi ciwo shi ne amsar likita: kusan rabin irin waɗannan mata ana yi masu duk gwaje-gwaje ba a gano dalili ba. Wannan giɓin ne ya sa ido ya koma kan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin mahaifa, waɗanda ake kira NK, ma'ana "makasa".

Sunan ya yi masu illa. Makasan gaske su ne ƴan'uwansu da ke yawo cikin jini suna hallaka ƙwayoyin da cuta ta kama. Na mahaifa aikinsu daban ne. A watannin farko na ciki su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin garkuwar da ke bangon mahaifa, kuma suna taimaka wa mabiyiya ta kafu, jijiyoyin jini su buɗe domin abinci ya isa ga ɗan tayi. Farfesa Ashley Moffett ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa yadda suke karɓar tayin ya danganta da haɗuwar abin da uwa ta gada da abin da tayin ya ɗauko daga uba. Wannan batu ne da ya kamata a ji a gidajen da ake ɗora wa mace laifin ɓari ita kaɗai.

Sai dai kasuwa ta riga ilimi. Asibitoci masu zaman kansu a Turai sun daɗe suna sayar da gwajin NK ta jini, wanda ba ya bayyana halin da mahaifa ke ciki, sannan su bi shi da magungunan danne garkuwa. Ƙungiyar Farfesa Siobhan Quenby a Ingila ta gwada prednisolone kan mata 40: 12 cikin 20 da suka sha maganin sun haihu, 8 cikin 20 da ba su sha ba su ma sun haihu. Adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a ƙa'idojinta na 2022, ba ta goyi bayan gwajin NK ko wannan magani ba. Ƙofa ɗaya ta bari: ƙarin sinadaran garkuwa ta jijiya ga wadda ta yi ɓari sau huɗu ko fiye, shi ma da taka-tsantsan, ga shi da tsada.

Akwai matsalar garkuwa guda da aka tabbatar, wato cutar da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, wadda aspirin da allurar heparin ke taimaka wa. Ita ya dace a fara nema, tare da ciwon suga da matsalar maƙoƙo. A Yamai, Maraɗi ko Garwa kuwa, zazzaɓin cizon sauro da tunjere na cikin abubuwan da ke zubar da ciki, kuma gwajinsu bai kai ko kusa da kuɗin gwajin NK ba.