Dashen Kitse A Fuska: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 Kwanan baya wata ɗalibata ta tare ni bayan an tashi, ta ce, "Malama, wai da gaske ne ana ɗebe kitsen ciki a zuba a kumatu?" Na ce mata gaskiya ne, kuma tun da maganar ta iso ajinmu, ya kamata mu tattauna ta a wannan fili.

Abin da ya ta da maganar shi ne allurar rage ƙiba. A shekarar 2017 Amurka ta yarda da Ozempic domin masu ciwon sukari, a 2021 kuma ta yarda da Wegovy domin rage nauyi. Mutane suka yi ta ramewa cikin gaggawa. To, amma jiki ba ya zaɓen inda zai rame. Tumbi ya tafi, kumatu ma suka bi shi, idanu suka zurma, mace ta ga tsufa ya sauko mata ba shiri. Sai aka koma wurin likita neman a mayar da abin da aka kore. Tsufa, da doguwar jinya, da zubewar haƙora su ma suna sa fuska ta faɗa.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1893 wani likitan Jamus, Gustav Neuber, ya yanko kitse daga hannun wani majinyaci ya cike masa ramin tabo kusa da ido. Watau asalinsa magani ne, ba kwalliya ba. Wajen 1990 zuwa gaba Sydney Coleman na birnin New York ya tsara hanyar da ake bi yanzu: a zuƙo kitse daga ciki ko cinya da siririn bututu, a tace shi daga jini da ruwa, sa'an nan a riƙa ɗura shi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin fata.

Amfaninsa a fili yake. Kitsenki ne, jikinki ba zai ƙi shi ba, kuma wanda ya kama yana daɗewa shekaru. Ga wadda ƙuna ko haɗari ya ɓata wa fuska, wannan rahama ce.

Amma 'yar'uwa, ki saurari ɗaya gefen. Kitsen da aka dasa kamar dashen itace yake, sai jini ya kai gare shi zai rayu. Wani kaso yakan narke cikin 'yan watanni, har a sake aikin, a sake biya. Fuska takan kumbura makonni, wani lokaci a sami ƙulli, ko wani kunci ya fi wani. In kika yi ƙiba daga baya, kitsen nan shi ma zai ƙaru. Mafi muni, in allurar ta shiga jijiyar jini, musamman a goshi ko tsakanin gira, kitsen na iya toshe hanyar jinin ido ko ƙwaƙwalwa, a sami makanta ko shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idon da ya tafi da wuya ya dawo.

Kada mu yi wa Turawa dariya, domin mu ma muna da tamu. 'Yan mata nawa ne suke shan sha-ka-fashe kafin biki don kumatu su ciko? Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne. Cikar da yake sa wa fuska alamar illa ce, kuma yawan shansa yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi.

Shawarata ita ce, in kika ga kina ramewa babu dalili, ki je asibiti a binciko dalilin, gama rufe rama da kitse ba ya warkar da ciwon da ya kawo ta. Wadda kuma lalura ta sa sai an yi mata dashen, ta nemi ƙwararren likitan tiyata mai rajista, ta tambaye shi haɗarin kafin ta tambayi kuɗin. Ku kuma 'yan makaranta, fuskarku ba ta gama girma ba, ku bar ta yadda Allah ya yi ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.