Gyara Kayanka: Tsofaffin Mahaɗai Na Ɓatar Da Jama'armu



Makon jiya wani dattijo mai sayar da goro a kasuwarmu ya turo min ɗansa da waya a hannu. Suna rubuta lissafin cinikinsu ne a wata manhaja, da suka canza waya sai lissafin ya ƙi fitowa. Yaron ya bi bayanin da masu manhajar suka rubuta daki-daki, har inda aka ce a latsa nan don dawo da bayanai. Ya latsa, sai lamba 404 ta fito, alamar babu shafin. Ya gwada mahaɗi na biyu, sai ga shi a dandalin caca ana neman lambar katin bankinsa. Allah Ya kiyaye bai saka ba. Lissafin bashin wata huɗu ne a cikin wannan manhaja, kuma sai da muka ɓata yini guda kafin muka gano sabon adireshin.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya rubuta wa mutane jagorar amfani da manhaja ya ɗauki amana, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da ya wallafa. Mahaɗi, wato rubutun nan mai launin shuɗi da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, kamar kwatancen gida ne. Idan mai gida ya tashi, kai kuma ka ci gaba da tura baƙi tsohon gidan, da hannunka a duk abin da ya same su.

Akwai abubuwa uku da kan jawo wa mahaɗi matsala. Na farko, a sauya wa shafi wuri ba tare da an bar abin da zai juya mai ziyara zuwa sabon wurin ba. Na biyu, sunan shafi haya ake yi, yawanci shekara-shekara. Idan mai shi ya daina biya, kowa na iya saya, har da ɗan damfara. Ina kyautata zaton abin da ya faru da yaron nan ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, ƙa'idar rubuta shafukan ita kanta tana canzawa. Tsarin HTML5 da aka tabbatar a 2014 ya ajiye tsohuwar hanyar sa wa wani sashe na shafi alama, ya ce a koma sabuwa. Haka nan tun Yulin 2018 burauzar Chrome ke nuna gargaɗin rashin tsaro a adireshin da ya fara da http maimakon https.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Ko manyan kamfanoni suna rufe ƙofa: Google ya daina ba da sababbin gajerun mahaɗai na goo.gl a 2019, sannan a Agustan 2025 ya kashe waɗanda aka daina amfani da su.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, in mahaɗi ya mutu sai mutum ya bincika da kansa. Mai faɗin haka yana tunanin ɗan jami'a ne. Da yawa daga cikin iyayenmu da 'yan kasuwarmu ba Turanci suka karanta ba. Ba za su iya bambance shafin gaskiya da na bogi ba, ko tallar da ke fitowa a saman sakamakon bincike. Abin da aka ce su latsa shi suke latsawa, saboda sun yarda da wanda ya rubuta.

Kafin mu zargi kamfanoni, mu duba gida. Na koma kan bayanan da mu kanmu muka taɓa yaɗa wa mambobi game da haɗa NIN da layin waya da rajistar JAMB, na samu wasu mahaɗan sun mutu, ga shi har yanzu ana tura su a WhatsApp. A matsayina na sakatare, nawa laifin ya fi yawa.

Don haka ga shawarar da zan kai taronmu na gaba. A naɗa matasa biyu su riƙa gwada kowane mahaɗi duk bayan wata uku. A rubuta ranar da aka duba a ƙasan kowace jagora. A daina gajarta adireshi, a bar shi cikakke yadda kowa zai ga ko na gwamnati ne mai ƙarewa da .gov.ng. Wanda ya ɓace kuma a nemi tsohon kwafinsa a Wayback Machine kafin a sake rubutawa.

Ku kuma matasanmu masu koyon rubuta manhaja, kada ku raina wannan aiki. Manhajoji da dama na kyauta suna ajiye bayanansu a GitHub, kuma suna karɓar gyara daga kowa. Gyaran mataccen mahaɗi ɗaya kan zama gudummawar farko ta mai koyo, sunanka ya shiga tarihin aikin, wani bawan Allah kuma ya tsira daga ɓata.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk wanda ya ci karo da mataccen mahaɗi a bayananmu, don Allah ya sanar da ni a gyara. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.