Sana'ar Bayan Labule: Shawara Ga Mutanen Anka Da Gummi Da Bukkuyum

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata sana'a wadda kowa ke cin amfaninta, amma ba safai a ke tunawa da masu yinta ba. Watau sana'ar mutanen da ke aiki a bayan labule in ana wasan kwaikwayo, ko wani babban taro: mai fitilu, da mai lasifika, da mai kafa dandamali, da mai tanadin tufafi, da wanda ke tsara aikinsu duka. In wasa ya yi kyau sai a yabi 'yan wasa. In fitila ta mutu, ko lasifika ta ɗauki kuwwa, sa'an nan ne a ke waiwaya a ce, "Ina mai wutar nan?" Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ni ke gani shi ne, wannan aiki sana'a ce sosai, kamar ƙira ko gini, kuma ya kamata a koya wa samarinmu na yammacin Zamfara ita bisa ƙa'ida, a daina barinta ga wanda ya tsinta da ka.

Kada wani ya ce baƙon abu na kawo. Duk wanda ya yi tashe da ƙuruciya ya san akwai yaron da ba ya rawa, ba ya waƙa, amma shi ke manna gemun auduga, shi ke ɗaura tsummoki a ciki su zama tumbi, shi ke riƙe fitila. To, ai shi ne mutumin bayan labule. Haka kuma dattawanmu sun tuna zamanin majigi, sa'ad da mota kan zo ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji. Ba don mai injin ba da babu wanda ya ga kome. Wajen rubutun wasa ma ƙasarmu ba a baya ta ke ba, gama Malam Abubakar Tunau, mutumin Mafara, ya fid da Wasan Marafa tun 1949. Abin da ya rage mana shi ne masu aikin hannu da za su ɗora wasa a fage.

Ku dubi abin da aka yi a Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello an soma koyar da wasan kwaikwayo a 1975, ƙarƙashin wani malami Bature, Michael Etherton. Da za su gina ɗakin wasa ba su ce sai sun sami siminti da ƙarfe ba. Wani mai zanen gini, mutumin Amurka, Steven Ehrlich, ya zana musu gida na ƙasa, irin ginin Hausa, da zagayayyun ɗakuna masu jinka da fili a tsakiya kamar tsakar gida. A nan ɗalibai su ka yi ta koyon wasa, da ɗaura fitila, da shirya fage. Har wa yau, a 1975 aka buga Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa a siffar wasan kwaikwayo. Mutum biyu su ka yi aikin: Malam Umaru Ladan, da Dexter Lyndersay, mutumin tsibirin Tirinidad, wanda gwanintarsa ita ce fitilu da shirya dandamali, ya kuma koyar da su a Jami'ar Ibadan. Kun ga ashe mutumin bayan labule ba ɗan aike ba ne, malami ne. Masu son aikin fim kuwa suna da makarantarsu a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

To, amma yaron Bagega ko na Nasarawar Burkullu da bai wuce sakandare ba, yaushe zai kai Samaru ko Jos? Shi ya sa na ce a kawo abin kusa, a kuma sauƙaƙa shi.

Me za a koya masa? Na farko, wuta. Ya san lissafin abin da janareta zai iya ɗauka. In injinka na wat 2,500 ne, ka ɗora masa fitilu uku masu wat dubu-dubu, ka wuce iyakarsa tun ba ka haɗa lasifika ba. Ya san fitilun zamani marasa cin wuta, waɗanda batir mai cajin hasken rana ke iya riƙewa. Ya san ba a haɗa waya da haƙori a naɗe ta da leda, ba a shimfiɗa ta inda yara za su taka da ƙafa jiƙe, ba a kuma aje janareta cikin ɗaki ko kusa da taro, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Na biyu, sauti. Kuwwar nan da ke tsaga kunne a wurin taro ba aljanu ba ne. Makirufo ne ke jin abin da ke fita daga lasifika, ya sake mayar mata, abin ya yi ta kewayawa. Maganinta shi ne a sa lasifika a gaban mai magana, ta ba shi baya, a kuma rage ƙarfi. Yaro zai koyi wannan cikin yini guda, amma mutum nawa ne su ka shekara goma suna haya da lasifika ba wanda ya taɓa gaya musu?

Na uku, haske. Fitila guda daga sama tana mai da idon mutum rami. Daga ƙasa kuwa ta mai da shi dodo. Sai an kafa biyu, dama da hagu, daga gaba, a ɗan sama da kai, sa'an nan fuska ke fita sarai har na bayan taro ya gane fushi da murmushi.

Na huɗu, aikin kafinta da tela: dandamalin da ba zai karye da mutane ba, bangon ƙarya na katako da yadi wanda mutum biyu za su ɗauke cikin minti guda, da tufafin da za su nuna wannan hakimi ne, wancan fatake ne, tun ba su buɗe baki ba. Na biyar, shi ne uban tafiya, mai riƙon littafi. Shi ke rubuta lokacin da kowace fitila za ta kama, da wanda zai shiga, da abin da zai riƙa. Wannan aiki na mai natsuwa ne, irin ɗabi'ar akawu nagari.

Na san akwai malamai da za su ce, "Wane, so ka ke ka mai da 'ya'yanmu 'yan wasa?" Allah ya gafarta malam, a dubi maganar da kyau. Lasifikar da a ke tafsiri da ita cikin azumi, da ta filin Idi, da ta walimar saukar karatu, da ta musabaƙa, duk hannu ɗaya ke haɗa su. Yaron da ya ƙware, masallaci zai fara amfana da shi kafin dandali. Abin da a ke faɗa a kan dandamali kuwa, wannan yana hannun shugabanni da iyaye, su ne za su tace.

Ga kuma dalilin da ya fi damuna. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta bayyana a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 su ka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF su ka zo su ka yi magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka yi nata. Gargaɗin da a ke so ya shiga kunnen kowa gajere ne: kada a niƙa dutse a gida, a wanke hannu, a tuɓe kayan aiki kafin a ɗauki yaro. Takarda ba ta isar da shi ga wanda bai iya karatu ba. Amma in aka nuna shi a wasa, a ƙofar gidan mai gari, ko a makarantar matan aure, zai zauna a zuciya. Sai dai fa in an ji, an kuma gani. Wasan da na sahun gaba kaɗai su ka ji, an yi asarar man mota. Rigakafi ya fi magani, amma rigakafin da bai kai kunne ba sunansa babu.

Saboda haka ga shawarata. Ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ta zaɓi samari goma, waɗanda su ka riga su ka ɗan taɓa gyaran rediyo, ko kafinta, ko ɗinki. A roƙi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta koya musu sashen wuta, a gayyato malamin wasa daga Zariya lokacin hutu ya koya musu sashen fage. In sun gama a jarraba su da aiki na zahiri, a ba su takardar shaida, da akwatin kayan aiki bashi, su biya a hankali daga kuɗin haya. 'Yan mata ma a ba su nasu ajin, gama taron mata ya fi son mace ta riƙa masa makirufo. Malaman makaranta kuwa ba sai sun jira kowa ba. In za a yi wasan ƙarshen shekara, a naɗa yara uku ko huɗu su zama masu bayan labule, a kira sunansu gaban iyaye kamar yadda a ke kiran na 'yan wasa.

Saurayin da ke da sana'ar da a ke nemansa dominta kowane mako, a Gummi yau, gobe a Anka, ba zai yi saurin shiga rami neman zinariya ba, balle ya saurari masu kiransa daji.

Wanda ya ga gyara cikin wannan magana, ko ya san inda aka taɓa gwada irinta, ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.