Ta Wace Hanya Makinmu Zai Bi?

Yawancinmu mun fara jin kalmar VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, yayyenmu suka riƙa sauke ta don su ci gaba da shiga. Amma asalin aikinta daban ne. Tana haɗa wanda ke gida da kwamfutar ofishinsa ta wata rufaffiyar hanya a cikin intanet, yadda ko wani ya tare saƙon ba zai iya karantawa ba.

Mun tayar da maganar ne saboda mun ji hukumar makaranta tana shirin ba malamai damar shigar da makin jarrabawa daga gida, su huta da layin ofishin jarrabawa a ƙarshen zango. Madalla. Sai dai makinmu ne da lambobin wayar iyayenmu za su bi ta wannan hanya, don haka muna da ta cewa.

Manhajar iri biyu ce. Akwai ta kamfani, irin ta Cisco ko Fortinet, wadda ake biya wa lasisi, galibi da dala, kuma kamfanin kaɗai ke ganin abin da ke cikinta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, kamar OpenVPN da ta fito a 2001, ko WireGuard. Kyauta ce, kuma kowane masani zai iya bincika rubutun da aka gina ta da shi.

Mu dai buɗaɗɗiya muke so. Duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023 ya san inda lasisin dala zai ƙare: a kan iyayenmu, a taron PTA. Rubutun WireGuard kuwa layi kusan 4,000 ne kacal, bincikensa ba wuya, har aka shigar da ita cikin Linux a 2020.

Ba mu ce ba ta da aibi ba. A 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a buɗaɗɗiyar manhajar OpenSSL bayan ta yi kusan shekara biyu ba a lura ba. Sannan idan ta kamfani ta lalace akwai wanda za a kira. Idan tamu ce, sai malamin kwamfuta, shi kaɗai, ga darasi yana jiransa.

To a nan ya kamata kuɗin ya tafi. A tura shi horo, a samar masa mataimaki. Kowane malami a ba shi mabuɗinsa, kada a yi na tarayya, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko wayarsa ta ɓace, a soke shi. Kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka, da duk dukiyarsa, ta kalmar sirrin wani tsohon asusun VPN aka shige shi a 2021.

Muna roƙon Shugaban Makaranta, kafin a sa hannu da kowane ɗan kwangila, a zauna da malamin kwamfuta da wakilan ɗalibai.