Kada A Ɗaure Madannin Murhun 'Yan Tsaki

Da hunturu ya kama a watan Disamba, sanyin asuba yakan tsananta a kewayen madatsar ruwa ta Tagwai, wadda aka gina a 1978 domin shayar da birnin Minna. Mai kiwon kaji a wannan yanki ba ya barci da ido biyu rufe, domin 'yan tsaki a makonsu na farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35. In murhun gas da ke ɗumama su ya mutu da tsakar dare, kafin gari ya waye sun danne juna, uwar kuɗi ta salwanta.

Kukan da aka fi ji shi ne, a danna madanni a kunna, wuta ta kama, da an ɗage yatsa kuma sai ta mutu. Dalili kuwa, a bakin harshen wutar akwai wani ɗan tsinke na ƙarafa iri biyu da aka haɗe. In ya ji zafi yakan haifar da lantarki ɗan ƙanƙane, kamar yadda Bajamushen nan Thomas Seebeck ya gano a 1821. Wannan lantarki ne ke sa maganaɗisu ya riƙe bawul a buɗe. Da tsinken ya huce, bawul ya rufe, gas ya tsaya. Watau mai gadi ne.

Saboda haka sai a bi abin daki-daki. Da farko a riƙe madannin kamar daƙiƙa 30, tsinken ya yi zafi. Sa'an nan a dubi harshen wutar: lafiyayye shuɗi ne, yana lasar kan tsinken. In ya yi rawaya ko ya ƙanƙance, to, ƙurar hunturu ta toshe kafar, ko gas ya kusa ƙarewa a tukunya. A rufe tukunyar, a bari murhu ya huce, a hure kafar, amma kada a zura mata allura. A goge baƙin hayaƙin da ke jikin tsinken da samfefa mai laushi, a ɗan matse notin da ya haɗa shi da bawul, a kuma kare murhun daga iskar taga. In duk wannan bai yi ba, tsinken ya gaji, sai mai gyara ya sa sabo.

Abin takaici, waɗansu sukan ɗaure madannin da waya ko roba don wuta ta zauna. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. In iska ta kashe wutar, gas zai ci gaba da kwarara, ga shi kuwa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta ƙasa inda 'yan tsaki suke, cikin ɓuntu ko dusar katako. Ƙyastu ɗaya na ashana ya isa ya cinye ɗaki da mai ɗakin. Kuɗin sabon tsinke bai kai ran ɗan Adam ba. Allah ya kiyaye, amin.